Amsa: Shawo kan masu cewa Medicare ya wadatar

Ɗan'uwa, ka ce ka fara dillancin inshora a Amurka, kuma duk wanda ka yi wa tayin inshorar kulawa ta dogon lokaci sai ya ce ai Medicare na nan, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama. Daga nan ya kamata ka fara, domin da yawansu ba su san cewa Medicare ba ya biyan wanda zai riƙa yi wa tsoho wanka, ya sa masa tufafi, ya ba shi abinci shekara da shekaru ba. A gidan kulawa iyakarsa biyan jinya har kwana 100, bayan an kwantar da mutum a asibiti. Medicaid kuwa, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba ya shigowa sai dukiyar mutum ta kusa ƙarewa.

Kada ka tsoratar da su da gidan tsofaffi. Ka tambaye su wa zai bar aikinsa ya zauna da su idan ƙarfi ya ƙare, musamman mutanenmu masu cewa 'ya'ya za su yi, alhali 'yar tana aiki a wata jiha. Ka nuna musu cewa inshorar tana biyan mai kulawa a cikin gida ma.

Sannan ka faɗi sharuɗɗan ba ɓoye-ɓoye: ba a fara biya sai mutum ya kasa abu biyu cikin shida na hidimar kansa, kamar wanka, sa tufafi da cin abinci, ko cutar mantuwa ta kama shi, akwai kwanakin jira kafin a fara biya, da galibi 90 ne, kuma kamfanoni sun sha ƙara kuɗin da mai inshorar ke biya. A ganina ka fi mayar da hankali kan 'yan shekara 50 zuwa 60, tun rashin lafiya bai sa an ƙi su ba.