Amsa ga takwarana kan kallon ranar Asabar

Takwara,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kuma karatu yana tafiya daidai. Saƙonka ya iso. Kakarka ce ta karanta mini, ta kuma ce in gaya maka tunda ka fara yi wa mijinta na gaskiya tsiya a rubuce, to ta fasa auren naka, ka nemi wata.

Ka ce tun kana rarrafe kake ganin duk ranar Asabar bayan isha'i ana kashe fitilar falo, a tara wayoyi a faranti, a sa wani tsohon fim baƙi da fari na dodanni da jiragen da ke saukowa daga sama. Kana so ka san ko al'ada ce da muka gada, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ke damun tsoho. Har ka yi mini tayin wata manhaja da za ta shafa wa finafinan kala. To zauna ka ji.

Kallon dai ba gado ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa taka ƙofar silima ba, kuma ranar da ya ji ɗansa ya taka, sai da dorina ta yi aiki. A Kanon lokacin in aka ce wane ɗan silima ne, an gama zaginsa. Ga kuma gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum fiye da 300, wadda mutanen gari da yawa suka ɗauka ishara ce. Da wannan labarin muka taso a kunne, amma bai hana mu tara taro da sisi mu sulale Fagge ko Sabon Gari ba. Gidajen silimar ba su da rufi, don haka sai duhu ya yi ake farawa. Finafinan Indiya da na kaboyi ne suka cika allo. Irin waɗannan na kimiyya jefi-jefi suke zuwa, yawancinsu ma sai da kaset ɗin bidiyo ya shigo na same su na kalla a tsanake.

Abin da muka gada shi ne zaman. A taru bayan an ci tuwon dare, a yi duhu, a yi shiru, mutum ɗaya ya ja labari. Tatsuniya ba a yin ta da rana, har tsorata mu ake yi cewa wanda ya yi zai ɓata. Kuma ka lura, kakata ba ta taɓa siffanta mana Dodo ba. Ba ta ce ga tsawonsa ko ga launinsa ba. Muryarta kawai take kaurarawa, ta yi ɗan jim, kowane yaro ya ƙera nasa Dodon a cikin kansa, kuma na kowa ya ishe shi hana barci. Waɗannan finafinan haka suke aiki. Rabi suke ba ka, kai ka cika sauran. Wanda hannunsa ke kan waya ba zai cika komai ba, sai ya ɗago ya ga mutum cikin rigar roba ya ce shirme ne. Dalilin farantin ke nan.

Akwai kuma abin da ku ba ku riska ba. Mutanen da suka yi finafinan nan tsoro suke ji na gaske. A 1945 aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, daga nan Amurka da Tarayyar Sobiyet suka shiga tseren ƙera wanda ya fi na ɗan'uwansa. Kada ka ɗauka abin ya tsaya can wata uwa duniya. A watan Fabrairun 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wato ta inda iskar hunturu ke biyowa ta iso mana. Da suka ƙi dainawa, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadansu a farkon 1961. Ina tuna manya a majalisa suna duban hazo suna tambayar juna ko wannan ƙurar lafiyayya ce. A daidai shekarun kuma Amurkawa suna da tasha a wajen Kano da ke bin sawun kumbonsu, ta ciki aka yi magana da ɗan sama jannatinsu John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a 1962. Ka ga ashe sama da abin da ke iya saukowa daga cikinta ba baƙon zance ba ne gare mu.

Ɗauki Gojira, wanda ku kuka sani da Godzilla, na asalin da Ishiro Honda ya yi a Japan a 1954. A farkon watan Maris na shekarar, Amurka ta gwada wani ƙaton bam a tsibirin Bikini. Tokarsa ta zubo wa wani jirgin kamun kifi na Japanawa mai mutum 23, duk suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin ya mutu a watan Satumba, mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwa. A watan Nuwamba fim ɗin ya fito. Da me ya buɗe? Da ma'aikatan jirgin ruwa suna hutawa a kan teku, wani haske ya walƙa, jirgin ya kama da wuta. Duk Bajapanen da ke zaune a silimar ya san abin da ake nufi, ba sai an fassara masa ba.

Kuma ba a gaggauta nuna maka dodon. Da farko takunsa kake ji, dum, dum, tun ana rubuta sunayen 'yan wasa. Sai jirage su ɓace. Sai guguwa ta rushe bukkoki da daddare, ba ka ga mai rushewar ba. Sai a iske sawun ƙafa da mutum zai tsaya a cikinsa. Ran da ya leƙo da kai ta bayan tudu, ka riga ka gama gina shi a zuciyarka. Kukan nasa ma ba na wata dabba ba ne. Mai kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, safar hannu ta fata aka shafa wa ƙaro aka goga a tsirkiyar wani ƙaton gogen Turawa, sannan aka rage saurin sautin. Dodon kuwa mutum ne, Haruo Nakajima, cikin riga mai nauyin kusan kilo 100, yana tattaka ƙananan gidajen da aka sassaƙa da hannu. Ana ɗaukarsa da kyamara mai gudu, in aka haska da saurin da aka saba sai tafiyarsa ta yi nauyi kamar dutse ne ya tashi.

Wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau shi ne bayan ya ƙone Tokyo. Asibiti ya cika, mutane kwance a ƙasa, likita yana kara wa yaro na'urar auna gubar nukiliya, na'urar tana ƙara, likitan ya girgiza kai. Kafin nan an nuna wata uwa ta rungume 'ya'yanta a gindin gini, wuta ta kewaye su, tana lallashinsu cewa yanzu za su je wurin babansu. Shekara tara kacal bayan Hiroshima ake nuna wa mutane wannan. Kakarka, da take cewa kallon nawa aikin banza ne, duk ran da aka zo nan sai ta tashi wai za ta duba ruwan shayi.

Yanzu ga maganar manhajarka. Kala ta daɗe da samuwa kafin waɗannan finafinan, The War of the Worlds na 1953 ma mai kala ne. Yawancinsu rashin kuɗi ne ya sa suka yi baƙi da fari, ba zan yi maka ƙarya in ce duk hikima ce ba. Amma wanda ya san da baƙi da fari zai ɗauka, da haske da inuwa yake tsara komai: inda fitila za ta bugi fuska, inda za a bar duhu ya haɗiye rabin ɗaki, inda zaren da ke riƙe da jirgi zai ɓace a cikin baƙin sama. Gojira a cikin dare wani baƙin abu ne da wuta ke haskawa ta baya. Ka shafa masa kore, ka fito da duk ɗinkin rigar, ka mai da shi ƙadangare. An gwada wannan a Amurka a shekarun 1980, har King Kong na 1933 sai da aka yi wa fenti, daraktoci suka yi ta kuka har gaban majalisar dokokinsu. Na ga irin waɗannan kwafin. Fuskokin mutane kamar an shafa musu jar ƙasa. Na gode da tayin, ka riƙe abinka.

Wanda na fi maimaitawa shi ne The Day the Earth Stood Still na Robert Wise, 1951. Baƙo daga wata duniyar ya sauka da jirginsa a Washington, ya fito ya miƙa hannu da kyauta, wani soja da tsoro ya kama ya harbe shi tun bai gama bayani ba. Duk labarin yana cikin wannan harbin. Ya nemi a tara masa shugabannin duniya, aka ce masa ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Sai ya ɗauke wutar duniya gaba ɗaya na rabin awa, ban da asibitoci da jiragen da ke sama, don su san da wa suke magana. Mu kam a nan sai da muka yi dariya, abin da ya firgita Washington mu ko ɗaga kai ba za mu yi ba. Amma butum-butumin da ya zo da shi, Gort, har yau in ya ɗaga murfin idonsa falon nan tsit yake yi. Ba ya gudu, ba ya magana, tsayuwa kawai yake. Wani dogon mutum ne a ciki, kuma riga biyu aka ɗinka masa, ɗaya mai maɗauri a baya don in ya fuskanto ka, ɗaya mai maɗauri a gaba don in ya juya. Na san wannan sarai, bai rage mini komai ba.

Invasion of the Body Snatchers na 1956 shi ko dodon ma babu. Mutum ya kwanta barci, ya tashi da kamanninsa da muryarsa da duk abin da ya sani, amma babu tausayi babu so. Wata mata ta dage cewa kawunta ba kawunta ba ne, alhali ga shi can yana yankan ciyawa a ƙofar gida kamar kullum. Wasu sun ce da 'yan kwaminisanci ake, wasu sun ce da masu farautarsu ake. Ni dai na ga mutanen da kujera ta yi wa haka.

Kada ka ɗauka duk abin da ya tsufa na yi masa rantsuwa. Tarkace sun fi masu kyau yawa. Akwai Robot Monster na 1953, inda halittar da ta hallaka duniya mutum ne cikin rigar goggon biri da hular masu nutso a ka. Matan da ke cikin yawancinsu ihu kawai aka ɗauke su yi. Baƙar fata kuwa ko babu shi sam, kamar ba za mu kai gobe ba, ko kuma a nuno shi yana tsalle da mashi irin na King Kong. Ina kallo ina ganin wannan, kuma in an gama nakan faɗa wa yaran da ke zaune. Shi ya sa na ji daɗi lokacin da littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, ya fito a 1969, ga yaro namu da harshenmu an ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Yana cikin kabad ɗin ɗakina, in ba wani ya ara bai dawo da shi ba.

Bari in ba ka wani labari da zai ba ka mamaki. BBC ta fara shirin Doctor Who, shi ma irin na kimiyya, a 1963, baƙi da fari, tana sayar wa gidajen talabijin na ƙasashe da dama har da namu. Daga baya suka goge kasusuwansu da yawa don a sake ɗaukar wani abu a kai, saboda a ganinsu ba wanda zai sake nema. Da hankali ya dawo aka shiga cigiya a duniya. A 2013 aka sanar cewa an gano kashi tara da suka ɓace, na 1967 da 1968, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos, gwangwanayen fim ɗin suna jere a kan kanta. Abin da masu shi suka watsar a Landan, a Filato ya kwana shekara da shekaru. Nakan yi tunanin wane ma'aikaci ne aka ce ya kwashe ya zubar, ya ga nauyi ya bari.

In ka zo hutun Sallah, da Gojira za mu fara. Ka nemo mana na Japananci mai fassara a ƙasa, ba wanda Amurkawa suka sake yankawa a 1956 ba, inda suka cusa ɗan jaridarsu suka zubar da yawancin maganar bam. Kai za ka riƙa karanta wa ƙannenka fassarar da Hausa, domin idona ba ya bin rubutun yanzu. An yarda ka ƙara gishiri, a silima ma haka masu jin Turanci suke yi mana, amma kada ka faɗi abin da zai faru kafin ya faru. Wayarka kuma faranti za ta shiga kamar ta kowa.

Ka gaishe da mahaifinka, ka ce masa na ga saƙon maganin. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Kakanka, mai sunan na asali