Kafin ka huda shasin tsohuwar RC10

Ɗana, ka ce ka samu motar tsere mai rimot RC10 ta farkon fitowa, mai shasin alminiyam ruwan zinare da tsohon giyabos mai giya shida, kuma kana so ka huda shasin ka ɗora giyabos na Stealth, wanda kamfanin motar ya fitar daga baya, ka sa inji mara buroshi da batirin litiyam na LiPo, sannan ka shiga da ita tseren tsofaffin motoci masu rimot. Ka tambaye ni ko aikin zai yiwu, da kuma inda ya kamata ka fara. Aikin zai yiwu, amma a kan wani farantin da za ka yanka da hannunka, kuma injin da ka fi ɗokinsa shi ne abu na ƙarshe da za ka saya.

Kada ka ɗauka ina ƙin a yi wa mota gyaran gida, domin da irin wannan gyaran sana'ar ta ginu. Lokacin da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da Rough Rider da Sand Scorcher a 1979, ya ƙera su ne don su yi kama da motocin rairayi na gaske, da hannuwan taya na zubin ƙarfe da akwatin roba mai rufe kayan rediyo. Suna da kyau a ido, amma suna da nauyi. Masu tsere suka riƙa cire akwatin, suna yanka farantin faiba a gida, suna sauya shokozoba da tayoyi, har ta kai wata motar ba ta da abin da ya rage na asali sai giyabos. Daga wannan yanayin Kyosho ta fito da Scorpion a 1982, sannan Team Associated ta Amurka ta fito da RC10 a 1984, wadda Roger Curtis ya zana ta tun daga tushe don tsere. A 1985 Jay Halsey ya ci da ita a gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motocin gargada da IFMAR, ƙungiyar tseren motocin rimot ta duniya, ta shirya, a Del Mar da ke Kalifoniya. Ita ma RC10 ɗin ba a ƙyale ta ba, domin kamfanin MIP ya yi kayan mayar da ita mai jan taya huɗu, wasu kuma suka yi mata shasin kabon. Saboda haka niyyarka tana kan hanya.

Abin da ya bambanta kai da mutanen wancan lokaci shi ne, su idan sun ɓata shasi sai su sayi wani, domin ana kan ƙera shi. Naka kuwa na asali ne, an daina yin irinsa. Ka kifar da shi ka duba harafin da aka buga a jiki. Idan A ne kuma babu ramukan Stealth, to yana cikin na farko, waɗanda masu tara tsofaffin motoci suka fi nema, kuma da zarar ka yi masa rami ɗaya ya fita daga wannan sahu har abada, domin ko an toshe ramin launin zinaren ba zai koma ba. An sake fitar da RC10 a 2013, don haka hannuwan taya da ƙarfen hanci da sauran kayan da suka dace da ita ba su yi wuyar samu ba. Ka wanke shasin asali, ka naɗe shi, ka ajiye tare da fararen kayan nailan ɗinsa. Nailan da ya yi shekara arba'in ko fiye ya bushe, kuma tsalle ɗaya mai muni zai tsinke hannun taya. Jiƙa shi a ruwan zafi yana mayar masa da ɗan laushi, amma ba zai mai da shi sabo ba.

Yanzu ga farantin, wanda shi ne ainihin aikin. Ka nemi faiba irin wadda ake kira G10, mai kaurin milimita 3. Na fi so ka fara da ita a kan kabon saboda ta fi sauƙin yanka, tana lanƙwasa kafin ta karye, kuma ba ta ɗaukar wutar lantarki. Kabon yana ɗauka, kuma waya ɗaya da ta goge a gefensa za ta iya haɗa batirin da kansa. Kafin ka yi komai, ka manna tef na takarda a kan farantin ka ja layi ɗaya madaidaici daga gaba zuwa baya. Wannan layin tsakiya shi ne tushen kowane awo, kuma ba za ka auna rami daga gefen faranti ba, domin gefen da ka yanka da zarto ba zai taɓa miƙewa sosai ba. Ka ɗora tsohon shasin a kai, ka daidaita tsakiyarsa da layin, ka matse su da katako a tsakanin bakin matsi da alminiyam don kada ya karce, sannan ka yi alamar ramukan da ƙusa mai kaifi wadda kaurinta ya cika ramin, ta yadda tsininta zai sauka a tsakiya daidai. Kada ka zura dirila ta cikin ramukan tsohon shasin, domin za ta cinye gefensu. Ramukan Stealth kuwa daga jikin giyabos ɗin za ka ɗauke su, ka raba tazararsu biyu daidai a kan layin.

Idan ka gama alamomi, ka auna a gicciye: daga ramin gaba na hagu zuwa ramin baya na dama, sannan daga na gaba na dama zuwa na baya na hagu. Dole awon biyu su zo ɗaya. Idan suka bambanta ko da rabin milimita ne, motar za ta riƙa ja gefe guda duk lokacin da ka ba ta wuta, za ka kuma yi ta murɗa tayarod kana zargin sitiyari alhali laifin yana cikin faranti. Ka fara huji da ƙaramin baki na milimita 1.5, ka sa katako a ƙarƙashi don kada faibar ta tsage a wajen fita, sannan ka faɗaɗa. Ƙurar faiba tana cutar da huhu kuma tana sa ƙaiƙayi, don haka ka rufe hanci, ka jiƙa wurin da kake yankawa, ka goge da tsumma mai laima maimakon hurawa. Bayan ka gyara gefen da magagari, ka bi shi da siririn layin sufa gulu don ya rufe zaren.

Akwai wani tarko da yake kama masu koyo da yawa. RC10 motar Amurka ce, notinta na awon inci ne. Ƙananan su ne 4-40, masu kaurin kusan milimita 2.8, kuma a ido suna kama da M3 na motocin Japan, amma zarensu daban ne. M3 zai shiga nailan da ƙarfin hannu, ya cinye zaren, daga nan babu notin da zai sake kamawa. Manyan da ke ɗaure kaya a ƙasan shasi su ne 8-32, kuma gangaren kansu digiri 100 ne, alhali bakin da aka saba fafe rami da shi na digiri 90 ne ko 82. Idan ka fafe da wanda bai dace ba, kan notin zai zauna a kan siririn zobe kawai, ya riƙa kwancewa, ko kuma ya leƙo ƙasa yana kartar hanya. Ka nemi bakin da ya dace kafin ka fara, ka kuma shafa yatsa a ƙasan farantin bayan ɗauri; bai kamata ka ji kan noti ko ɗaya ba.

Ka sani kuma cewa ƙarfin tsohon shasin daga bangon gefensa yake zuwa, kamar yadda tire mai baki ya fi faifan ƙarfe shimfiɗaɗɗe wuyar lanƙwasa. Farantinka ba shi da wannan bangon, don haka zai buƙaci wani siririn faranti a sama wanda zai haɗa gaba da baya a kan ginshiƙai. Idan ka bar shi haka, zai riƙa lotsawa wajen saukowa daga tsalle, sai aikin da ya kamata shokozoba ta yi ya koma kan faranti, kuma duk man da ka sauya a cikinta ba za ka ga bambanci ba. Hancin mota kuwa ka yi amfani da sabon ƙarfen hanci na kamfani, domin ɗagowar da ke gare shi ita ce take sa tayoyin gaba su hau kan gargada maimakon su soke ta, kuma faiba ba ta lanƙwasuwa ta tsaya.

Zaɓinka na Stealth daidai ne, kuma ga dalili. A tsohon giyabos, giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya tana sama tare da babbar giya, daga nan ƙarfi yake sauka ta ɓangare biyu a kan ƙananan giyoyin tsakiya, kuma babu kulocin da zai zame idan tayoyi suka daki ƙasa da wuta a buɗe. An yi shi ne don injin buroshi da batirin NiCd mai ƙwaya shida, volt 7.2, wanda cajinsa 1200mAh ne, kuma direba yana lallaɓa shi don ya kai ƙarshen tseren minti huɗu ko biyar. Inji mara buroshi yana ba da ƙarfinsa nan take, kuma haƙoran giyoyin tsakiyar ne za su fara zubewa. Stealth giya uku gare shi, da kuloci mai zamewa, kuma samfurinsa na gwaji ne Masami Hirosaka ya ci gasar duniya da shi a Sidni ta Ostireliya a 1989.

Sai dai Stealth ɗin ma sai an haɗa shi da kyau. Giyar raba juyinsa ta ƙananan ƙwallayen ƙarfe ce da ke matse tsakanin zobba biyu. Farin giris na silikon ake sa wa ƙwallayen, baƙin giris kuma na ƙaramin boris ɗin da ke kan notin matsi ne, kuma idan ka musanya su giyar za ta riƙa zamewa komai matsin da ka yi. Bayan haɗawa, ka riƙe babbar giya da tayar hagu, ka gwada juya ta dama: kulocin ne ya kamata ya zame, giyar raba juyi ta tsaya. Idan ka ji wani ƙara mai kama da haushi lokacin da motar ta tashi, ƙwallayen ne suke gogar zobba, kuma cikin batir ɗaya za su yi musu kwari. Ka tsaya nan take, ka ƙara matse giyar kaɗan, ka sassauta kulocin.

Batun batir yana da fuska biyu. Ta farko ita ce tsaro. LiPo mai ƙwaya biyu volt 7.4 ne, yana kai wa 8.4 idan ya cika, kuma yana lalacewa, har ya iya kumbura ko kama wuta, idan aka zuƙe shi ƙasa da kusan volt 3 a kowace ƙwaya. Tsohuwar na'urar sarrafa gudu mai hannu da rezista ba ta san ta yanke wuta ba, don haka ka cire ta ka sa ta zamani mai yankewa da kanta, ka sayi batir mai ƙaƙƙarfan kwanso, ka yi cajinsa cikin jakar da ba ta cin wuta kana kusa. Ta biyu ita ce nauyi. Tsohon batir ya haura giram 300, gajeren LiPo kuwa wani bai kai 200 ba, kuma an zaɓi sifirin da man shokozobar motar ne bisa tsohon nauyin. Inji yana bayan tayoyin baya, don haka idan tsakiya ta yi sauƙi gaba zai riƙa ɗagawa, motar ta ƙi shan kwana. Ka yi wa farantin ramukan ɗaure batir a wuri biyu ko uku don ka iya matsar da shi gaba, ka kuma tanadi ɗan farantin tagulla da za ka shimfiɗa a ƙarƙashinsa.

Kafin ka sayi inji, ka karanta dokokin tseren da za ka shiga. Yawancin masu shirya tseren tsofaffin motoci suna raba aji ne bisa shekarar da mota ta fito, wasu suna iyakance ƙarfin inji da irin taya, wasu kuma suna da sharaɗi a kan shasin gida, kuma mai yiwuwa ne Stealth ya tura ka ajin da ke gaba da na 1984. Idan an bar maka zaɓi, inji mai naɗin waya 17.5 ya ishe ka, 13.5 kuma, wanda ya fi shi ƙarfi, shi ne iyakar abin da zan yarda ka sa. Gajerun hannuwan tayar wannan mota da siririn jikinta ba za su iya sauke abin da ya fi haka a ƙasa ba, sai dai ka yi ta kifewa, kuma a tseren minti biyar kifewa biyu sun fi duk abin da gudun miƙaƙƙiyar hanya zai ba ka.

Lissafin giya ba shi da wuya. Ka raba haƙoran babbar giya da na ƙaramar da ke kan inji, ka ninka da 2.25, wanda shi ne rabon cikin Stealth. Babba mai haƙora 81 da ƙarama mai 27 za su ba ka 6.75, kuma wannan wurin farawa ne mai kyau ga inji 17.5. Ka tabbata girman haƙoran biyun ɗaya ne, domin RC10 ta farko da manyan haƙora masu lamba 32 ta zo, na baya kuma masu lamba 48 ne, kuma ba sa cin juna. Wajen ɗaure inji, ka sa siririyar takarda tsakanin giyoyin biyu, ka matse, ka ɗaure, ka zare takardar. Ɗan wasan da ya rage shi ake so. A ranar gwaji ka yi gudun minti biyu ka tsaya ka auna zafin injin, sannan ka yi na minti biyar ka sake aunawa. Idan ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, ka rage haƙora biyu a ƙaramar giya, ka bar shi ya huce, ka sake gwadawa. Kada ka taɓa shokozoba ko wurin batir a wannan zagayen, abu ɗaya za ka riƙa sauyawa, kana rubuta lokacin kowane zagaye a takarda.