Rubutu ƙanana a kan alminiyam da injin CNC

Malam, ka ce haruffan da kake zanawa da injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, masu tsayin milimita 2 suna fitowa a cakuɗe, wasu sun yi zurfi wasu ko fitowa ba sa yi. Gaskiya abu na farko da nake zargi shi ne karfen bai kwanta daidai ba, domin da bit (ƙarfen da injin ke yanka da shi) mai tsini irin V, zurfi ya ƙaru kaɗan layin sai ya yi faɗi, shi ya sa haruffa irin su a da e suke toshewa. Ka fara share fuskar karfen da injin tukuna ta yi sumul, sannan ka ɗauki ziro ɗin Z a kanta, wato inda injin zai fara auna zurfi.

Ka nemi bit na kabayid (wani ƙarfe mai tauri sosai) mai digiri 30, bakinsa milimita 0.1, zurfi kar ya wuce 0.1 ɗin nan. Ka ɗaga gudun sifindil (abin da ke juya bit) sosai, juyi 12,000 a minti zuwa sama in injinka zai kai, ka dinga ɗiga kananzir kaɗan saboda alminiyam yana manne wa bakin bit.

Sai font, wato salon haruffa, don Allah ka bar irin na Word, ka yi amfani da mai layi ɗaya kamar Hershey. Ka gwada a guntun karfe kafin ka taɓa kayan kwastoma.