Famfo da fitilar bolt 12 ba sa hawa ƙafar Arduino kai tsaye

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana so Arduino Uno, ƙaramin allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni, ta riƙa kunna maka doguwar fitilar LED mai bolt 12 da ƙaramin famfon ruwa, kana tambaya ko za ka jona su kai tsaye a ƙafa ta 9 da ta 10. Don Allah kada ka yi. Na daɗe ina wannan aiki, kuma yawancin allunan da ake kawo mini sun ƙone, ta nan aka kashe su.

Ƙafar umarni take bayarwa, ba ta ɗaukar kaya. Bolt 5 take fitarwa, kuma miliamfiya 20 ne abin da za ka ja daga gare ta hankali kwance. A 40 ka kai iyakar da masu ƙera ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar allon, suka gindaya, ƙafafun duka a haɗe kuma kada su wuce 200. Miliamfiya 20 ɗin ya ishi ƙaramin ƙwan LED guda ɗaya: ja yakan riƙe kusan bolt 2, sai ka sa resista mai om 220 ya ɗauke ragowar 3, wutar ta tsaya wajen miliamfiya 14. Famfonka kuwa ɗaruruwa yake ja, lokacin tashi ma ya fi haka.

Ni MOSFET nake sa wa irin wannan kaya, wato transistan da ke aiki kamar makunni: ƙafar Arduino ta ba shi umarni, shi kuma ya ɗauki kayan. Amma ka duba lamba da kyau, nan mutane ke shan wahala. IRF540 sai ya ga kusan bolt 10 a get ɗinsa, wato ƙafarsa mai karɓar umarni, kafin ya buɗe sosai. Ka ba shi 5, zai buɗe rabi-rabi ya yi ta zafi. IRLZ44N ka nema, shi bolt 5 ya ishe shi. Ka sa resista mai om 220 tsakanin ƙafar da get, da wani mai 10k daga get zuwa GND, wato negatif ɗin allon. Wannan na biyun kada ka raina shi, domin idan allon yana tashi ƙafafunsa a sake suke, sai ka ga famfo ya zabura babu wanda ya umarce shi.

Bolt 12 ɗin daga adafta daban zai zo, amma dole GND ɗinsa ya haɗu da na Arduino, in ba haka ba komai ba zai motsa ba.

Famfon yana da koyil a ciki. Duk sanda ka yanke masa wuta, koyil ɗin yakan maido wani bugu mai ƙarfi, shi ke kashe transista ko ya sa allo ya riƙa sake tashi da kansa. Ka gitta diyod 1N4007 a kan wayoyinsa biyu, ɓangaren da ke da zobe yana kallon fositif. Fitilar ba ta buƙatar wannan.

Ka yi dace da ka zaɓi 9 da 10, duka suna da PWM, wato kunna wuta da kashe ta cikin sauri sosai, don haka umarnin analogWrite zai ba ka damar rage hasken fitilar ko ƙara shi.

In daga baya ka koma allon ESP32, ka tuna bolt 3.3 ƙafafunta ke bayarwa, sai ka sake duba ko MOSFET ɗin zai buɗe da wannan. Wutar gida kuwa sai da rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, mai akwati a rufe, kuma ka sami ƙwararre a kusa kafin ka taɓa ta. Turo mana abin da aka rubuta a jikin famfon, in duba maka adaftar da za ta ɗauke shi tare da fitilar.