Amsa ga Hajiya mai fujer da ganyensa ke ƙonewa

Assalamu alaikum. Hajiya, da na karanta cewa bakin ganyen fujer ɗinki, wato tsiron adon nan na tukunya mai ganye kamar gashin tsuntsu, yana ƙonewa yana kakkaɓewa alhali kina ba shi ruwa safe da yamma, sai na ji kamar labarina kike bayarwa. Ba ƙishirwa ke damunsa ba, busasshiyar iskar Yamai ce, domin tsiro ne na ƙarƙashin itatuwa a daji mai laima, kuma tun daga hunturu har zuwa Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska tana busar da ganyen kafin saiwa ta kai masa ruwa.

Nawa ya yi shekara uku a gindin randa, ganyensa har yana taɓa ƙasa. Da rasuwa ta kai ni Tawa a tsakiyar bazara, na bar wa ƙanwar maigidana amanarsa, na nuna mata inda yake, na roƙe ta kada ta gusar da shi. Ta janye shi tsakar gida domin ta yi shara, ta manta da shi a rana kwana huɗu. Na dawo na tarar da shi kamar busasshen zogale, ina taɓawa yana marmashewa a hannuna. Ba ta ba ni haƙuri ba, cewa ta yi ciyawa ce kawai, ko fure ba ta yi. Har yau wannan maganar ta fi asarar yi mini ciwo, kuma ban ƙara ba ta ajiyar ko tsintsiya ba.

Kada ki jefar da naki. Ni na aske busassun ganyen da almakashi har gindi, na mayar da shi inuwa, kuma da damina ta sauka a Yuni sai ga sababbin ganye suna fitowa a nannaɗe. Ki duba gindin tukunyar ko akwai huda, domin ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa. Ki tsoma yatsa a ƙasar, idan da danshi ki ƙyale shi. Ki ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, nesa da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, inda haske ke shiga amma rana ba ta taɓa shi.

Idan kin ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere a bayan ganye, kada ki kankare su kamar yadda na taɓa yi da wuƙa ina zaton ƙwari ne. Ƙwayoyin haihuwarsa ne, tunda ba ya fure. Ɗanyen kashin awaki ma ki raba shi da shi, ruɓaɓɓen ganye ya fi. Ki turo mana hoton tukunyar, har da gindinta.