Tambaya da Amsa: An ce ƙarin mahaifar ƙanwata ya yi kama da daji

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina rubuto maka daga Garwa. Ƙanwata mai shekara 38 tana fama da zubar jini da kumburin mara, an yi mata ekografi, wato hoton cikin ciki da na'ura, aka ga babban ƙari a mahaifa wanda ya fita zuwa gefe, aka ce mai yiwuwa daji ne. Manya a gida sun hana a yi aiki, wai daji ba ya son ƙarfe. Ko barci ba na iya yi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Hoto, ko na ekografi ne ko na IRM (hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu, wato MRI), zato yake bayarwa, domin akwai ƙarin tsokar mahaifa da ba daji ba ne amma kamanninsu na tsorata har ƙwararren likita. Wani yakan tsaga bangon mahaifa ya fito waje, jajawur kamar mabiyiya, kuma sai a 1996 aka bayyana shi da sunansa a rubuce-rubucen likitanci. Wani yana bin cikin jijiyoyin jini, wani lokaci har ya kai ɓangaren dama na zuciya, wani kuma ya warwatsu ƙanana a rufin ciki. Ainihin dajin tsokar mahaifa ba shi da yawa, kuma ya fi kama matan da suka kusa daina al'ada ko suka daina, sai dai ƙuruciyar ƙanwarki ba ta isa hujjar da za a zauna a gida ba.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na gaji da ganin ɓarnarta. Asalinta sananne ne: ana riƙe mace a gida wata da watanni ana ba ta jiƙe-jiƙe, sai ta galabaita a kawo ta asibiti, a buɗe a tarar cutar ta riga ta ci jiki, in ta rasu a ɗora wa wuƙar likita laifi. Ba wanda ke tambayar watannin da aka ɓata. Masu yawo da lasifika a tasha da kasuwa suna cewa maganinsu na narkar da ƙari, da wannan tsoron suke cin abinci, alhali ba su taɓa ganin cikin mahaifa ba, balle su bambance daji da wanda ba daji ba. Idan ƙarin ƙanwarki mai sauƙi ne, jinkiri zai bar ta cikin zubar jini har jininta ya ƙare, kuma babban ƙari na iya danne bututun fitsari ya lalata ƙoda. Idan kuwa daji ne, cire shi da wuri, ɗungurungum ba tare da an yayyanka shi a cikin ciki ba, shi ne babban maganinsa. Ta kowace fuska, zaman gida hasara ne.

Hukunci na hannun likitan nazarin tsoka, wanda zai duba abin da aka cire da madubin likita, ya auna abu uku: yadda siffar ƙwayoyin halittar naman ta karkace, yawan rarrabuwarsu, da irin mutuwar da suke yi. Wani lokaci sakamako kan faɗo tsakani, sai a ci gaba da bibiyar mara lafiya shekaru.

Saboda haka, kafin ranar aiki ku tambayi likitan tiyata inda za a kai naman. Na san al'adarmu ce a karɓa a binne, amma wannan kada ku binne shi. A sa shi cikin ruwan formol, maganin da ke hana nama ruɓewa, nan take, da sunanta a jikin kwalbar. Sau da yawa sai an aika Yaunde, sakamako kan ɗauki makonni, don haka ku tanadi kuɗinsa tare da na aikin, ku riƙe takardar shaida, ku riƙa bin sawu. Idan tana son haihuwa nan gaba, ta faɗa wa likita da bakinta tun kafin a shiga da ita.