Amsa kan binciken tsadar gini a Legas

Malam, ka tambayi inda za ka fara bincike kan tsadar gini a Legas. Shawarata, fara da fili kafin siminti. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, cinikin fili ba ya kammala sai da amincewarsa. Ana jiran takardar wata da watanni, kuɗin ruwan banki kuwa na ta hawa. Abin da ke damuna, wasu magina ta hanyar rage rodi suke fanshe wannan asara, alhali rayukan mutane ne.

Sannan ka duba manufar gwamnatin tarayya ta 2002 da ta taƙaita shigo da siminti. Ta haifar da masana'antu a gida, amma Dangote, BUA da Lafarge ne suka mamaye kasuwar.